Me ke riƙe da dimokuraɗiyya bayan an kaɗa ƙuri'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandare, kuma bana aka ba ni darasin ilimin zama ɗan ƙasa. Da muka zo kan ɗabi'un da al'ummar dimokuraɗiyya ke tsayuwa a kansu, sai na jera su a allo: adalci, haƙuri, 'yanci, bin doka, daidaito. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce tun kafin a haife shi ake yin zaɓe a ƙasar nan, amma shi bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Na rasa abin da zan ce masa. Mene ne ainihin waɗannan ɗabi'u, kuma wacce ce tushen sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibin nan naki bai yi miki rashin kunya ba, kuma ina roƙonki kada ki bari ya zaci ya yi laifi, domin ya taɓo wurin da ciwon yake. Abin da kika rubuta a allo daidai ne, sai dai kalmomi ne da kowane mai mulki yake iƙirarin nasa ne. Sojan da ya ƙwace gidan rediyo da asuba shi ma da sunan adalci da bin doka yake buɗe jawabinsa. Saboda haka ba a gane waɗannan ɗabi'u da sunayensu, sai a ranar da riƙo da su ya jawo wa mutum asara amma ya riƙe su duk da haka. Bayan shekarun da na shafe ina koyar da wannan fanni, da kuma aikin zaɓe da na yi a matakin rumfa, abin da na tsaya a kansa shi ne: tushen al'amarin yarjejeniya ce tsakanin masu neman mulki cewa mulki aro ne, wanda ya faɗi zai karɓi faɗuwarsa, wanda ya ci kuma ba zai mai da nasararsa makamin da zai murƙushe wanda ya kayar ba. Duk sauran ɗabi'un da ke allonki an same su ne domin wannan yarjejeniya ta yiwu.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. A wani zaɓe na kasance malamin zaɓe a harabar wata firamare, an ajiye mana tebur a gindin darbejiya. Da aka rufe layi muka zazzage akwati a gaban jama'a, ina ɗaga kowace takarda sama ina nuna wa wakilan jam'iyyu, mutane kuma suna ƙirgawa tare da ni da babbar murya, har yaran da ba su isa zaɓe ba sun hau katanga suna amsawa. Sai muka zo kan wata ƙuri'a da tawadar dangwalen ta malala ta haye layin da ke tsakanin jam'iyyu biyu. Wuri ya ɗauki zafi, kowane ɓangare na cewa tasa ce. Na buɗe littafin ƙa'idar aiki na karanta musu abin da ya ce game da ƙuri'ar da ba a iya tantance nufin mai ita, muka ware ta cikin lalatattu. Da aka kammala, ratar ba ta da yawa. Wakilin jam'iyyar da ta sha kaye, wani tela ne mai furfura a gemu, ya daɗe yana duban takardar sakamakon, sannan ya karɓi biro ya sa hannu, ya ninke kwafinsa ya sa a aljihu, ya ce da abokin karawarsa, "To, Alhaji, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Ana kiran Magariba suka nufi masallaci ɗaya.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa telan nan ya sa hannu, alhali ya wuni a rana kuma ransa a ɓace yake. Ya ga ƙirgen da idonsa, babu abin da aka yi a bayan labule. Ya san cewa a daren nan a ɗakinsa zai kwana, ba wanda zai rufe masa shago ko ya tura masa 'yan sanda don ya tsaya wa wata jam'iyya. Ya kuma san cewa bayan shekara huɗu za a sake ajiye teburin nan a gindin bishiyar nan. Ki cire ɗaya daga cikin waɗannan, za ki ga sa hannun ya gagara, domin mutumin da ya tabbata cewa faɗuwa zaɓe na nufin ɗauri ko karyewar arziki ko rufewar ƙofa har abada, zai ɗauki zaɓe tamkar yaƙi, kuma a yaƙi ba a zaɓen makami.

Tarihinmu na kusa ya nuna mana fuskokin biyu. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku. Musulmi sun mutu, Kirista sun mutu, an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi waɗanda laifinsu kawai shi ne an tura su aikin rumfa. Shekara huɗu bayan nan, mutane biyun da suka kara a wancan zaɓen, Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, suka sake karawa, kuma da yawa daga cikin baƙi mazauna garuruwanmu sun tattara iyalansu sun koma gida saboda fargaba. Ranar 31 ga Maris 2015, tun kafin hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta bayyana sakamako na ƙarshe, Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗauki waya ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna. Ba dokar da ta wajabta masa wannan kira. Ko mene ne ra'ayin mutum game da mulkinsa, wayar nan ta 'yan mintoci ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. A Ghana ma, a zagaye na biyu na zaɓen 2008, John Atta Mills na adawa ya kayar da Nana Akufo-Addo na jam'iyya mai mulki da ƙuri'u kimanin dubu 40 kacal, cikin ƙuri'u kusan miliyan tara, kuma Shugaba John Kufuor ya miƙa mulki a watan Janairun 2009. Ratar da ta kai wannan ƙanƙanta, gwamnatin da ke da niyyar maguɗi tana iya shafe ta a dare ɗaya.

Ita kuwa ranar 12 ga Yuni 1993 ta nuna abin da ke faruwa idan mai riƙe da madafun iko ne ya ƙi yarda da hukuncin jama'a. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan rana, Moshood Abiola, Bayarabe, ya kayar da Bashir Tofa har a jihar Kano, mahaifar Tofa, wanda ya nuna cewa talakawa sun iya tsallake ƙabila idan aka bar su. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, ƙasa ta faɗa cikin shekaru biyar na ƙunci, Abiola ya rasu a tsare a watan Yulin 1998, kuma sai a 2018 aka mai da ranar ta zama ranar dimokuraɗiyya a hukumance.

Yanzu ga rabin yarjejeniyar da ba a cika koyarwa ba, wato kamewar wanda ya yi nasara. Mun iya yi wa wanda ya faɗi wa'azin haƙuri, amma ba mu cika tambayar wanda ya ci abin da ya yi da nasararsa ba. A farkon 1980, a Jamhuriya ta Biyu, jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi da hujjar cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin da jama'arsa suka zaɓa, aka wayi gari an raba shi da ƙasarsa ba tare da an gurfanar da shi a gaban alƙali ba. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke hukuncin cewa korar haramtacciya ce, ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa, ta kuma ba shi diyya. A Kaduna kuma, Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya tarar da majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, aka yi ta zaman doya da manja har ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ana iya cewa majalisar ta bi matakan da kundin tsarin mulki ya tanada, kuma shi ma gwamnan ba mai sassauci ba ne, amma wannan shi ne darasin: ana iya bin harafin doka sak a kashe manufarta. Ba a daɗe ba sojoji suka kawar da su gaba ɗaya ranar 31 ga Disamba 1983, masu rinjaye da marasa rinjaye, da yawansu suka haɗu a gidan yari ɗaya.

Wannan cuta ba ta warke ba. Ki duba zaɓukan ƙananan hukumomi da hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa, inda sau da yawa jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun ciyamomi kakaf, ko wacce jam'iyya ce, har a garuruwan da kowa ya san 'yan adawa ne ke da jama'a. Ki duba yadda gwamnoni suka daɗe suna rushe zaɓaɓɓun shugabanni suna naɗa kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa hakan ya saɓa wa tsarin mulki, kuma kuɗin ƙananan hukumomi 774 nasu ne kai tsaye. Ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da ɗalibinki, ita ce ke da alhakin kwatar unguwarsu da rumfunan kasuwarsu. Idan a can bai taɓa ganin an kayar da mai mulki ba, yana da hujjar cewa bai ga dimokuraɗiyya ba.

Maganar wa'adi ta fi kowacce fito da ma'anar aro. Kalmar tazarce ta shiga bakinmu tun zamanin Janar Sani Abacha, kuma ƙasashenmu biyu sun gwada ta cikin shekaru uku da juna, sakamakon ya bambanta. A Najeriya, ranar 16 ga Mayu 2006, majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo damar wa'adi na uku. Jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye a majalisar, amma an watsa muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa na kallonsa. A Nijar kuwa, a 2009, da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin shekaru, sai ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake shiryawa haramtacciya ce, ya rushe kotun ita ma a watan Yuni, ya gudanar da ƙuri'arsa a watan Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi. Tandja yana da farin jini na gaske a karkara, kuma magoya bayansa sun yi imani cewa yana da ayyukan da ya kamata ya ƙarasa. Wannan shi ya sa misalin yake da amfani a aji, domin iyakar wa'adi ba don mugun shugaba kaɗai aka yi ta ba. An yi ta ne har da shugaban da ake so, saboda ƙofar da aka ɓalle domin nagari ba ta sake rufuwa idan mugu ya iso.

A nan zan faɗi abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Duk lokacin da farar hula suka gaji da azzalumin zaɓaɓɓe suka yi wa soja tafi, sun koya wa sojan cewa shi ne alƙalin ƙarshe. Nijar ta yi taron ƙasa a 1991 wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, amma rikicin Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou ya ba Ibrahim Baré Maïnassara hujjar juyin mulki a Janairun 1996. Sai a watan Afrilun 2021 aka samu zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a karon farko a tarihin ƙasar, daga Mahamadou Issoufou zuwa Mohamed Bazoum, kuma ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum aka sake komawa gidan jiya. Na fahimci fushin da ke sa matashi ya fita titi yana murna, domin yunwa da rashin tsaro ba ƙarya ba ne. Tambayar da nake yi wa ɗalibaina ita ce, idan wanda kuka yi wa tafi ya gaza, ta wace hanya za ku sauke shi?

Bin doka, wanda kika rubuta a allo, shi ne abin da ke ba telan nan tabbacin kwana a ɗakinsa. Yana da kyau ɗalibanki su san cewa ba magana ce a iska ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma dole a saurare shi. Sai dai gwajin wannan ɗabi'a ba ya zuwa a kan wanda muke ƙauna. Yana zuwa ne a ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa jama'a suka ɗauko taya da fetur, ko ranar da kotu ta ba da belin mutumin da muka tsana hukuma ta ƙi sakinsa mu kuma muka ce ya yi daidai. Duk wanda ya yi shiru ranar da aka take haƙƙin abokin hamayyarsa, ya sa hannu a kan takardar da za a karanta masa wata rana, shi ya sa Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Su ma alƙalai suna da nasu nauyin, domin ba za a ce wa wanda aka yi wa maguɗi ya tafi kotu ba sai in kotun wuri ce da ake iya samun gaskiya. Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci a 2017, kotun Malawi ta yi haka a 2020, kuma a Fabrairun 2024 majalisar tsarin mulkin Senegal ta hana Shugaba Macky Sall ɗage zaɓe zuwa ƙarshen shekara, shi kuma ya bi hukuncin.

'Yancin faɗin albarkacin baki kuwa, mu da muke da karin maganar gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, bai kamata ya zame mana baƙo ba. Gwamnatin da ba a iya gaya mata gaskiya makauniya ce, domin fadawa ba sa kai wa sarki labarin da zai ɓata masa rai. Sashe na 22 ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati, sashe na 39 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, kuma tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai daga ma'aikatun gwamnati. Duk da haka zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma har yanzu ana kama matasa a jihohi saboda rubutun da suka yi a Facebook game da gwamna. Amma ina so ki gaya wa ɗalibanki ɗaya gefen, domin su ne masu waya a hannu. Wanda ya tura ƙarya a WhatsApp da gangan don ta amfani ɗan takararsa, da sojan baka da ake biya ya ci mutuncin iyayen wani a rediyo, suna rushe abin da suke cewa suna karewa, saboda jama'ar da ba ta iya bambance gaskiya da ƙarya ba za ta iya yi wa shugabanninta hisabi ba, ko da an ƙirga ƙuri'unta daidai.

Daidaito shi ne wanda aka fi shan wuya kafin a same shi a ƙasar Hausa, kuma abin takaici ne yadda yaranmu ba su san labarin ba. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, cewa ɗan talaka yana da bakin magana daidai da ɗan sarauta magana ce da ke kai mutum gidan yarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha ɗauri da bulala a kan wannan. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a bai wa mata ƙuri'a, kuma matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a 1976, shekaru da yawa bayan 'yan'uwansu na Kudu, sannan suka shiga zaɓen tarayya a 1979. Har yau a cikin sanatoci 109 da ke majalisa ta goma mata ba su wuce huɗu ba. Ma'anar ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya ita ce, a ranar zaɓe mai tallar ƙosai da mai kamfani nauyinsu ɗaya a ma'auni, kuma wannan ne ya sa sayen ƙuri'a ya fi sata muni a wurina, domin yana mai da mutum haja.

Ba na faɗin wannan don in zargi talaka. Wata rana a bakin rumfa na ga wata dattijuwa ta ƙulle taliya biyu da sabulu a gefen zanenta, na ce mata, "Iya, wannan fa shi ne asibitinki da makarantar jikokinki na shekara huɗu." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wancan karon ban karɓi komai ba, asibitin ma ban gani ba." Ban sami amsar da zan ba ta ba, kuma har yau maganarta tana damuna. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya ce mulki na jama'a ne, ya kuma ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Idan zaɓaɓɓu suka ci amanar wannan, su ne suke koya wa mutane cewa ƙuri'a ba ta da daraja fiye da ƙullin taliya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Wannan adadi ya fi tayar mini da hankali fiye da kowane labarin maguɗi, domin yana nufin mafi yawan mutane sun fice daga yarjejeniyar a shiru.

Akwai kuma haƙƙin marasa rinjaye, wanda ya kamata Bahaushe ya fi kowa fahimta. Rinjaye yana ba da ikon yin mulki, amma bai ba da ikon hana wani addininsa ko kasuwancinsa ko zamansa ba. Shi ya sa sashe na 134 ya ce bai isa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa ƙuri'u ba, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, sashe na 42 kuma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko asali. Mu da muke da rinjaye a Kano da Katsina da Zinder, 'yan'uwanmu tsiraru ne a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Duk abin da muke so a yi wa mai sayar da goro a can, shi ne abin da ya wajaba mu yi wa ɗan ƙabilar Ibo mai shago a Sabon Gari da Bamaguje a ƙauyensa.

Watakila wani ɗalibin zai ce miki duk wannan kayan Turawa ne. Akwatin zaɓe da jam'iyyu da majalisa mai zauruka biyu lalle daga waje suka zo mana. Amma amana da adalci da shawara ba mu aro su daga kowa ba. Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, malaman jihadin Sakkwato sun yi rubutu mai yawa a kan cewa mulki ba ya ɗorewa da zalunci, kuma tun zamanin Muhammadu Rumfa akwai majalisar Tara ta Kano da sarki ke shawara da ita. Ba zan ce miki wannan dimokuraɗiyya ce ba, domin talaka ba shi da ƙuri'a a cikinta, kuma ba shi da hanyar sauke sarki cikin lumana. Abin da tsarin zaɓe ya ƙara shi ne ya ba shi wannan hanyar, ya kuma sa mata rana.

Shawarata game da ajinki ita ce ki bar allon ya huta na mako guda, ki shirya musu zaɓen monita na gaske. Su rubuta ƙa'idojin da kansu kafin a san waɗanda za su tsaya, su yanke wa'adin zango ɗaya, su naɗa mutum uku da za su saurari ƙorafi waɗanda ba sa goyon bayan kowa a fili. A yi akwati da kwali, a ƙirga da babbar murya a gaban kowa, kowane ɗan takara ya sa wakili ya sa hannu a takardar sakamako. Ke kuma ki ɗaure wa kanki cewa ba za ki sauya sakamakon ba ko da wanda ba ki so ne ya ci, domin a ajin ke ce mai riƙe da madafun iko, kuma ke za su fi zuba wa ido. Wanda ya ci ki sa shi ya ba abokin takararsa wani aiki a ajin, kamar riƙe rajistar shara ko makullin akwatin alli. Shi kuma ɗalibin da ya yi miki tambayar, ki ba shi aikin malamin zaɓe, ki miƙa masa takardar ƙa'idojin ya riƙe a hannunsa, domin idan aka samu ƙuri'ar da tawada ta haye layi, shi ne zai tsaya a gaban abokansa ya karanta musu abin da suka rubuta da kansu.